Fuska Ba Bango Ba Ce

Litinin, 8 ga Satumba

Sun sake fitowa. Daga ƙarƙashin kunne har haɓa, dama da hagu, jajaye, wasu ko baki ba su yi ba, sai kumburi a cikin fata kamar an cusa tsakuwa. Da safe na ce, "Uwata, juyo in gani." Sunan mahaifiyata aka sa mata, bakina bai taɓa iya faɗinsa ba. Ta juyo wajen taga, na kama haɓar na duba nan na duba can. Ta ce ba sa ciwo. Ƙarya take, na ga yadda ta runtse ido.

Shekara goma sha ina garin nan ina yi wa mutane fenti a gidajen da ba wanda zai ce in zauna in sha ruwa. Ba don kaina na yi ba. Don yarinyar nan ta zo ta shiga makarantar koyon jinya na yi, ta kuma zo, ta shiga. Yanzu wai ƙuraje ne za su tare mana hanya. Ƙuraje.

Da ta sauka fuskarta sumul take. Ruwan garin nan ne, ko iskarsa. Komai nasu sai ya taɓa mutum.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ba ta je makaranta ba. Wai ciwon kai. Na dawo mata da lemon kwalba da biredi mai sukari kamar kullum, na haɗa mata shayi da madarar gwangwani har cokali na tsayawa. A ɗaki ta sha.

Lahadi, 14 ga Satumba

Yaya ta kira daga gida. Ita ta riƙe yarinyar tun rasuwar uwarta, don haka tana ganin tana da ikon wanke ni tas, kuma tana da shi. "Shekara ashirin da biyu tana hannuna ko ƙurji ɗaya ban gani ba. Wata nawa a wajenka ka mai da ita kamar an watsa mata tsaba." Ta ce baki ne. Can ta ce maiƙo ne. Can kuma ta ce datti ne ya toshe fatar. A ƙarshe dai ta tsaya a kan magani: a daka tafarnuwa, a matse lemon tsami, a sa gishiri, a goge wurin da kyau, a bar shi ya kwana.

Dogo, wanda muke hawa tsani tare, ya ce man goge baki ya fi. Dogo da fuskarsa kamar bangon da aka cire wa ƙusoshi.

Na Yaya ya fi shiga hankalina. In bango ya yi ƙuraje ai kankarewa ake yi, a bi da sanfefa, a samu lafiyayyen wuri a ƙasa.

Laraba, 17 ga Satumba

Na daka da kaina bayan la'asar. Na kai mata a ƙaramin kwano. Ta daɗe tana kallon kwanon.

"Baba, da kanka ka daka?"

Na ce da wa zai daka, akwai wani a gidan ne?

Ta ce, "To." Ta karɓa da hannu biyu.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ya ƙone ta.

Fatar ta saluɓe daga kunci zuwa haɓa, ta yi ja, tana tsatstsafar ruwa. Ban je aiki ba. Ban kuma iya yin komai ba. Na zauna a falo ina jin ƙarar famfo.

Asabar, 20 ga Satumba

Ƙofa a rufe. Ina ajiye abinci a bakinta, in dawo in tarar an taɓa kaɗan. Har yanzu hannuna warin tafarnuwa yake, na wanke da kananzir ma bai fita ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ta fito da mayafi naɗe har hanci. Ta zauna nesa, ta ce, "Baba, ina so in koma wajen Goggo."

Wata mai zuwa za a tura su asibiti aikin gwaji. Wanda bai je ba an cire shi, ba a jiran kowa. Ta sani, na sani. Na ce saboda ƙuraje? Ta ce ba za ta iya tsayawa a kan majinyaci da wannan fuskar ba, shi da ya zo neman lafiya. Na ce, "To ki koma. Ni ma da ina da inda zan koma da tuni na tafi."

Bai kamata in faɗi haka ba. Ta tashi ta koma ɗaki.

A yi adalci: ba ita ta ce in zo garin nan ba, ba ita ta ce in tsufa a kan tsani ba. Amma in ta tafi, me na yi ke nan da shekarun? Kuma gidan nan kafin ta zo, na san yadda yake. Mutum ya shigo ya yi sallama, firji ya amsa masa.

Talata, 23 ga Satumba

Mai Ɗinki ta ƙasanmu ta tare ni a matakala. Dattijuwa ce, ta girme ni, bakinta kuwa ya fi almakashinta kaifi. Ashe duk kwanakin nan in na fita aiki wajenta yarinyar take sauka, tana yanka mata ganyen alobera tana shafa mata ruwan a ƙunar.

"Mai Fenti, kai ne ka yi wa 'yar mutane aikin kwangila a fuska?"

Na ce 'yata ce. Ta ce shi ya sa ba ta kira mini 'yan sanda ba.

Ta tambaye ni ko na lura da lokacin da suke fitowa. Na ce lokacin da suka ga dama. Ta ce a'a, in yi tunani. Na ce ban lura ba. Ta dube ni kamar yadda ake duban wando mai ƙafa ɗaya, sannan ta faɗa mini ƙiri-ƙiri, a tsakiyar matakala, inda kowa ke wucewa: duk wata ne, in al'adarta ta kusa. Daga cikin jiki abin yake tasowa, jinin mace ne ke juyawa, shi ya sa suke bin haɓa da muƙamuƙi. Ba datti ba ne, ba bakin kowa ba ne. Baƙon wuri da rashin barci da fargabar jarrabawa suna ƙara rura shi. "Fuska ba bango ba ce, malam. In ka kankare, mutum ne a ƙasa."

Na rasa inda zan sa idona. Na kalli takalmina, duk ɗigon fenti.

Har na juya ta ƙara da cewa, "Kuma kana tsammanin mai karatun jinya ba ta san abin da tafarnuwa ke yi wa fata ba?"

Na ce to me ya sa ta shafa?

"Ka tambaye ta. Ba ni na haife ta ba."

Ban tambaya ba.

Juma'a, 26 ga Satumba

Wani mai gida yau ya dage in shafe masa bangon da ke bayan banɗaki, fentin duk ya kumbura. Na ce bututu ne ke yoyo a ciki, ko sau goma na shafa sai ya dawo. Ya ce aikina shafawa ne, ba shawara ba. Na yi masa tsawar da ta fi laifinsa. Dogo ya ce, "Yau kuma wa ya taka ka?"

Ba wanda ya taka ni.

Litinin, 29 ga Satumba

Dokokin Mai Ɗinki, yadda ta zayyana mini su tana taka keke ba ta ko ɗago kai ba. Wanke fuska safe da yamma da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu kawai, ba soso. Kada a matse, ko sun nuna. A riƙa canza rigar filo. Zuma kaɗan a kan wanda ya yi ja, a bar ta jim kaɗan a wanke. A kare tabon daga rana, in ba haka ba baƙi zai yi. Barci da wuri. Shayin na'a-na'a, ta ce wasu matan yana yi musu, wasu ba ya yi, amma ba ya ƙona kowa, ta kalle ni. Sai kuma a rage zaƙi da madara a gani ko za a samu sauƙi.

Nan ta tsayar da keken. "Wa yake shigo mata da lemon kwalba kullum?"

Kowa a gidan nan ya san abin da ke cikin ledata.

Ta ce duk wannan yarinyar ta san shi, ta fi ta sani ma. Ba ta dai iya ce wa ubanta ya daina kawo tsaraba ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Shigowa gida hannu biyu babu komai, ban saba ba. Na tsaya wajen mai kayan miya na sayi damin na'a-na'a. Na dafa mana. Ba sukari, ba madara. Ɗanɗanonsa kamar ruwan da aka wanke buroshi. Na shanye don kada ta ce ita kaɗai aka sa wa doka.

Mai Ɗinki ta ɗinka rigunan filo da ragowar farin yadi. Na ce nawa ne, ta ce in ɓace mata da gani.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ina shanya rigunan filo a baranda ta fito ta tsaya a bayana. Ƙunar ta bushe, ta bar tabo mai duhu kamar taswira. Da yake bayana na ba ta, sai maganar ta zo da sauƙi. Na ce, "Uwata, kin san zai ƙona ki."

Ta ce ta sani.

Na ce to don me?

Na ɗauki wata rigar filon na matse. Sannan ta ce tun tana ƙarama abin da ta sani nawa shi ne saƙo. Takalmi, jaka, waya, duk a kwali suke zuwa. Ba ta taɓa ganin abin da na zauna na yi mata da hannuna ba sai kwanon nan. "Ta yaya zan ce maka ba na so?"

Na ci gaba da matse rigar filon da na riga na matse.

Na ce ta yafe mini. Ban san ko ta ji ba, da ƙyar ni ma na ji. Ta ce ba ƙunar ce ta fi damunta ba. "Baba, kullum da safe haɓata kake fara gaisarwa kafin ni. In ka ce juyo in gani, sai in ji kamar aikin da aka ba ka ne ya lalace."

Na so in ce damuwa ce ta sa. Gaskiya ne kuwa, damuwa ce. Amma ita ma gaskiya ta faɗa.

Maganar komawa ba ta janye ba. Ban kuma tayar ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sun dawo. Duk da zumar, duk da wankin, duk da ruwan buroshin da nake ɗurawa cikina. Manya biyu a muƙamuƙi, a kan tabon ma. Na gani ta gefen ido lokacin da take zuba ruwa a buta. "Juyo" ta zo har bakina, na haɗiye ta da biredi.

Na sauka na ce wa Mai Ɗinki wahalar banza muka yi. Ta ce, "Kai fentinka a ranar da ka shafa yake bushewa har ciki?" Ta ce a ba shi wata uku kafin a yi masa hukunci. Wata uku. Asibiti ranar Litinin ne.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ta sa fararen kayan, ta sa takalmi, sannan ta zauna a bakin gado ta ƙi tashi. Na gaya wa Dogo a waya zan makara. Na tsaya a bakin ƙofarta ban san me ake cewa ba. Da uwarta ce, da ta san me ake cewa.

Na ce, "Ni dai zan taka zuwa tashar bas. In kin ga dama ki raka ni."

Na sauka a hankali kamar mai ciwon gwiwa. A hawa na biyu na ji takunta.

A tasha ta ce za ta gwada wata ɗaya. In ba ta iya ba, in bar ta ta tafi, kada in ce komai. Na ce na ji. Ta sa takunkumin fuska ta hau. Na tsaya har bas ɗin ya sha kwana, sannan na tuna na baro rolar fenti a gida.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Yaya kuma. Yanzu wai akwai wani mai da ake haɗawa, sati ɗaya yake goge tabo, har mutum ya ƙara haske. Za ta ba wani mai zuwa ya kawo. Na ce kada ta aiko. Ta ce, "Yau ni kake ce wa kada?" Na ce ba abin da zai sake hawa fuskar nan sai wanda mai fuskar ta ce. Ta kashe waya.

Ba na ganin laifinta. Ita ta yi goyo, ita ta yi jinya, ita ta yi kitso, lokacin ina nan ina shafa wa wasu rufin ɗaki. Abin da ta sani ta ba ni. Ni ne na daka.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ta ga likitar fata a asibitin da take aiki. Mai Ɗinki ce ta matsa mata, ta ce masu zurfin nan da ke ciwo sun fi ƙarfin zuma, kada a tsaya jayayya da su har su bar rami. Likitar ta ce ta ci gaba da abin da take yi a gida, ta ƙara mata da wani man shafawa, ta ce tabon zai dushe amma sai an yi haƙuri. Kowa haƙuri. Ba wanda ya taɓa ba ni maganin da ba haƙuri a ciki.

Likitar ta tambaye ta me ya ƙona ta. Ban tambayi amsar da ta bayar ba.

Na fara jin ɗanɗanon na'a-na'ar. Ba daɗi ba, ɗanɗano dai.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Yanzu na san satin ba sai an gaya mini ba. Tana yin shiru, tana dafe mara in ta ɗauka ba na kallo. Na cika gora da ruwan zafi na naɗe da tawul na ajiye a kan kujerar da take zama, na fita baranda kamar ina neman wani abu. Da na dawo gorar tana cinyarta, littafi a hannunta. Na wuce ɗakina.

Ban taɓa tsammanin zan san irin wannan game da 'yata ba. Ubana da ya ji, da ya ce garin nan ya gama da ni.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ta dawo tana dariya tun daga matakala. Wata tsohuwa da take wa wanka a ɗakin mata ta ce ta cire takunkumin nan, ba ta son mai yi mata magana ta bayan labule. Ta cire. Tsohuwar ta ƙura mata ido ta ce, "'Yar nan, wa ya ƙona ki?" Ta ce, "Babana ne, garin gyara." Tsohuwar ta ce, "Maza ke nan. Nawa mijin garin gyara ya rushe mana kicin." Daga nan ta ce ta cuɗa mata baya da kyau, ta bar tsayawa kallonta.

Na yi dariyar ni ma, ko da yake da ni ake.

Wata ɗayan ya cika gobe. Ba ta ambata ba. Ni kuwa ko da wuƙa a wuya ba zan tuna mata ba.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Dogo ya zo aron tsani ya tarar da ni ina wanki. Ya ce, "Maigida, har da rigar filo? Sai mu nema maka zani." Na ce in ya gama ya sauke mini tsanin a ƙasa, kada ya goge bangon mutane. Uwata ta ba shi shayin na'a-na'a. Ya kurɓa, ya nemi sukari, muka ce babu. Ya ce gidan nan ba a son baƙo.

Asabar, 6 ga Disamba

Shekaranjiya ta ce in an samu ragowar fenti a wajen aiki, bangon ɗakinta ya yi mata duhu, tana so a canza kafin zangon karatu na gaba. Rawaya take so. Na ce rawaya sai an shafa sau biyu, kuma tana nuna datti, kuma ni ba ni da lokaci. Ta ce to. Jiya na shigo da gwangwanin. Ba ragowa ba ne, amma ba sai ta sani ba.

Yaya ta kira ɗazu, ta huce. Bayan gaisuwa ta ce, "To yaya fuskar?"

Na yi ƙoƙarin tuno fuskar. Da safe mun sha shayi tare. Na tuna tana ba ni labarin wata ma'aikaciya da ke barci a tsaye, na tuna ta kwaikwayi yadda take gyangyaɗi har shayin ya zube mata a hannun riga. Na tuna ta ce in sayo sabulu. Haɓar dai ban tuna ba. Satin ne ma, ya kamata a ce akwai wani abu. Ko akwai, ko babu.

Na ce wa Yaya ga ta nan, ta tambaye ta da kanta.

Tsufa ne, ina jin. Ido ya fara rauni.